Fashin Baƙi: Me Ya Sa Irin da Aka Ce Yana Jure Cuta Yake Kamuwa a Wata Gonar?

Me ya sa irin tumatir ko na shinkafa da aka yi wa shaidar jure cuta zai tsaya daram a wata ƙasa, a kai shi wata ƙasar ya kwanta cikin 'yan makonni, alhali cutar sunanta ɗaya? Wannan tambaya tana dawowa duk lokacin da aka ji labarin annobar amfanin gona. Manomi yakan ce jabun iri aka sayar masa. Wani ya ce masu binciken ne suka zuzuta abin da bai kai ba. 'Yan kasuwa kuma suna da tasu tambayar mai kama da ita: idan cutar tana cikin ƙasa tun tuni, don me hukuma za ta tsare dashe ko irin dankali a kan iyaka saboda ita?

Jabun iri akwai shi, babu mai musun haka. Amma sau da yawa irin na gaskiya ne, gwajin da aka yi masa ma na gaskiya ne. Ƙwayar cutar ce ta bambanta. Wadda aka gwada irin da ita daban, wadda ke cikin ƙasar gonar daban, ko da yake a takarda suna ɗaya suke amsawa.

Me ake nufi da bambancin gado?

Bakteriya halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girma. Ba ta buƙatar namiji da mace. Idan ta samu abinci sai ta rabe biyu, biyun su zama huɗu. A cikin kowace akwai dogon zaren DNA wanda ke ɗauke da umarnin rayuwarta gaba ɗaya: abin da za ta ci, zafi ko sanyin da za ta iya ɗauka, tsiron da za ta iya shiga. Yankin zaren da ke ɗauke da umarni guda shi ake kira ƙwayar gado, kuma bakteriya ɗaya tana da dubbansu.

Masana suna ba jinsi guda sunan kimiyya guda, amma a ƙarƙashin sunan akwai nau'o'i masu yawa. Nau'i shi ne abin da aka ciro daga wani tsiro marar lafiya, aka raine shi a ɗakin gwaji, aka ba shi lamba. Nau'o'in da suka haɗa kaka na kusa su ne tsatso ɗaya. Idan aka karanta zaren nau'o'i biyu aka gwama, za a tarar wani sashe kowa yana da shi, shi ne na harkokin rayuwa na kullum. Wani sashen kuwa wannan yana da shi, wancan ba shi da shi, kuma a nan ne makaman cutarwa suka fi bambanta.

Ba kowace bakteriya ce take da bambanci mai yawa ba. Wadda ke ƙone rassan tuffa, Erwinia amylovora, nau'o'inta a ƙasashe daban-daban kusan abu ɗaya ne. Haka ma wadda ta far wa ayaba a Uganda daga shekarar 2001. Wasu kuwa bambancinsu ya kai har masana suka rasa ko jinsi ɗaya za su kira su ko da yawa.

Cutar yaushi: suna ɗaya, tsatso huɗu

Babban misali shi ne Ralstonia solanacearum, mai kawo cutar yaushi. Duk wanda ya taɓa ganin aikinta ba ya mantawa. Tsiron tumatir yana kore shar, ga fure ko 'ya'ya, da rana ta take sai ganyen sama su lanƙwashe kamar ba a ba shi ruwa ba. Da dare ya ɗan farfaɗo. Kwana biyu ko uku sai ya zube gaba ɗaya, ganyen ko rawaya ba su yi ba. A yanke karan kusa da ƙasa, za a ga jijiyoyin ruwan sun yi launin ƙasa-ƙasa. A rataya guntun karan a bakin kofin gilas mai ruwa garai, a bar shi ba motsi, cikin 'yan mintoci sai a ga wani farin zare kamar madara yana sauka daga yankan. Bakteriyar ce ke kwarara. Ta shiga ta saiwa, ta hayayyafa a jijiyoyin da ke kai ruwa sama, ta toshe su da yauƙi. A giram ɗaya na karan da ya kamu ana iya samun fiye da biliyan ɗaya.

Ba'amurken masani Erwin Smith ne ya bayyana ta a 1896. Daga baya aka gano tana kama tsirrai fiye da 200 daga dangogi fiye da 50: tumatir, dankalin turawa, barkono, gauta, taba, gyaɗa, citta, ayaba, har da itatuwa. Shekara da shekaru ana kasa ta bisa tsiron da take kamawa da irin sukarin da take iya ci a ɗakin gwaji, kuma kason bai cika daidaita da abin da ake gani a gona ba. A 2005 Mark Fegan da Philippe Prior suka fito da sabon tsari da ya dogara da karatun DNA, ya raba ta tsatso huɗu, kowane da nahiyar da ya samo asali. Na ɗaya na Asiya, na biyu na nahiyar Amurka, na uku na Afirka da tsibiran da ke kewaye da ita, na huɗu na Indunusiya da maƙwabtanta. A 2014 aka ƙara gaba aka ce nisan da ke tsakaninsu ya isa a mai da su jinsi uku: tsatson Amurka ya riƙe tsohon sunan, na Asiya da na Afirka suka zama Ralstonia pseudosolanacearum, na Indunusiya ya zama Ralstonia syzygii.

Wannan ba rigimar suna ba ce kawai tsakanin malamai. A cikin tsatson Indunusiya akwai nau'in da ke kashe itacen kanumfari a Sumatra, wanda wani ƙwaro ne ke yaɗa shi, akwai kuma mai sa cikin ayaba ya yi ja. A tsatson Amurka akwai mai cutar ayaba da ake kira Moko, akwai mai ruɓar da dankali a wurare masu sanyi. Kuma yanzu tsatson ba sa zaune a nahiyoyinsu. Binciken da aka yi a Kamaru da Kwaddibuwa ya samu na Asiya da na Amurka da na Afirka duk a ƙasa ɗaya.

Daga ina bambancin yake fitowa?

Hanya ta farko kuskuren kwafi ne. Duk lokacin da bakteriya za ta rabe sai ta kwafi zarenta. Nau'in Ralstonia na farko da aka karanta zarensa kaf, a 2002, wanda aka ciro daga tumatir a Giyana ta Faransa, yana da haruffa kusan miliyan 5.8. Kuskure a irin wannan kwafi ba ya yawa, amma idan tsiro ɗaya yana ɗauke da biliyoyi, gona kuma tana da dubban tsirrai, abin da yake da wuyar faruwa sai ya zama yana faruwa kullum.

Hanya ta biyu ta fi ban mamaki, kuma ita ce mutane ba su cika sani ba. Bakteriya tana iya karɓar gado daga wadda ba uwarta ba. Takan tsinci guntun DNA na wata da ta mutu, ko ta manne da wata mai rai su yi musaya, ko wani ƙaramin bairos ya ɗauko guntu daga wannan ya kai wa waccan. An ga wannan ƙiri-ƙiri a Niyu Zilan. A watan Nuwamban 2010 aka gano wani mugun nau'i na bakteriyar Pseudomonas syringae a gonakin kiwi, wani kayan marmari, na yankin Te Puke, ya lalata irin kiwi mai ruwan zinariya da ƙasar ke tinƙaho da shi. Manoma suka duƙufa feshin magani mai jan ƙarfe. Cikin 'yan shekaru aka fara samun nau'o'in da jan ƙarfen ba ya kashewa, kuma da aka karanta zarensu sai aka ga gadon juriyar daga wasu bakteriya da ke zaune a kan ganye tun can suka samo shi.

Sai kuma hannun ɗan Adam. Manomi ba ya ƙirƙirar sabon nau'i, amma yana zaɓar wanda zai yi rinjaye ba tare da ya sani ba. Idan aka shimfiɗa iri ɗaya a dubban hekta, kowane nau'in da irin ya fi ƙarfinsa zai ja baya, wanda ya iya ƙetare shi kuma ya samu fili shi kaɗai. Fatauci na iri da dashe da furanni kuma yana ɗauko nau'in da ya yi dubban shekaru a wata nahiya ya sauke shi a wata cikin kwana biyu.

Yadda juriyar iri take karyewa

Yawancin waɗannan bakteriya suna da wata 'yar allura da suke soka wa ƙwayar tsiro, su ɗura mata furotin iri-iri da ke kashe garkuwarta. Nau'in Ralstonia guda yakan riƙe irin waɗannan furotin kamar 60 zuwa 70, wasu kowa yana da su, wasu sun bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Tsiro mai juriya kuwa yana da ƙwayar gado da ke gane ɗaya daga cikinsu, da ta gane shi sai tsiron ya kashe ƙwayoyinsa na wurin ya datse hanya. Kamar mai gadi ne da aka nuna wa fuskar ɓarawo ɗaya. Ranar da wancan ya zo zai kama shi, amma ɗan'uwansa mai wata fuskar zai wuce ta gabansa ya shiga gida.

An gwada girman matsalar a tsibirin Reyuniyon. A wani aiki da aka wallafa a 2011, masu bincike suka tara iri 30 na tumatir da gauta da barkono, cikinsu har da waɗanda masu kyautata iri suka fi dogara da su wajen juriya, suka gwada su da nau'o'in Ralstonia 12 da aka zaɓo daga tsatso daban-daban. Ba a samu ko iri ɗaya da ya jure duka sha biyun ba. Hatta tumatir ɗin nan mai suna Hawaii 7996, wanda ya yi fice a gwaje-gwajen ƙasashe da yawa kuma ake aurar da wasu irin a kan saiwarsa, akwai nau'o'in da ke kayar da shi.

A shinkafa labarin ya fi fitowa fili, domin an san dabarar bakteriyar dalla-dalla. Xanthomonas oryzae tana shiga ta ƙananan ƙofofin da ke gefen ganye ko ta rauni, ganyen ya fara bushewa daga tsini yana bin gefe, da sassafe a ga ɗigon ruwa mai launin rawaya a kansa. Tana aika wani furotin har cikin cibiyar ƙwayar shinkafa, ya nemi wani takamaiman wuri a zarenta ya zauna, ya kunna ƙwayoyin gadon da ake kira SWEET, masu fitar da sukari. Shinkafar sai ta koma tana ciyar da mai kashe ta. A 2009 ne rukunoni biyu na masana, ɗaya a Jamus ɗaya a Amurka, suka gano yadda furotin ɗin ke gane wurin zamansa. Nau'o'in Asiya suna da irin waɗannan furotin da yawa, na Afirka ba su kai su ba, kuma wuraren da suke nema ba ɗaya ba ne.

An gano ƙwayoyin gadon juriya ga wannan cuta fiye da 40. Ɗaya daga cikinsu, Xa4, an saka ta a irin shinkafar da aka baza a Asiya tun wajen 1970, ta yi aiki na wani lokaci, sannan nau'o'in da ke ƙetare ta suka mamaye. Wata kuma, Xa21, daga wata shinkafar daji ta Mali aka samo ta, kuma Pamela Ronald da abokan aikinta suka ware ta a Kalifoniya a 1995. Ta fi faɗin kariya, amma ita ma an samu nau'o'in da ba ta tsayarwa.

Don me ake tsare cutar da "muna da ita"?

Tanzaniya ta amsa wannan tambaya. Cutar ƙonewar ganyen shinkafa ba baƙuwa ba ce a Afirka. Amma a 2019 aka ga ɓarkewa mai tsanani a Dakawa, yankin Morogoro, a kan irin da bai saba kamuwa haka ba. Da aka karanta zaren bakteriyar sai aka ga ba ta tsatson Afirka ba ce, danginta na kusa suna Yunnan ta ƙasar Sin. Tana ɗauke da makamin da ke rufe bakin Xa1, ƙwayar gadon da ke kare iri kamar Komboka daga nau'o'in Afirka. A ido cuta ɗaya ce, amma garkuwar da ake da ita ba don wannan aka yi ta ba.

Nau'in Ralstonia mai jure sanyi shi ma haka. Asalinsa tsaunukan Andis ne, mahaifar dankalin turawa, kuma ya bi irin dankali ya zaga duniya, har samfuran da ake cirowa a nahiyoyi daban-daban kusan kwafin juna ne. A wuri mai sanyi yakan kwanta cikin dankalin ba alama, sai an shuka shi a wuri mai ɗumi ya tashi. A shekarun 1990 ya ɓulla a Ingila da Holan, ya samu mafaka a saiwar wani tsiron daji na bakin kogi, har aka hana ban ruwan dankali daga wasu koguna. Amurka tana da nata nau'o'in Ralstonia a jihohin kudu tun zamanin Erwin Smith, duk da haka ta saka wannan a jerin ƙwayoyin cuta masu haɗari, kuma da ya shigo cikin dashen furen jeraniyam daga Kenya a 2003, da kuma daga Gwatamala a 2020, an lalata dashe masu yawa.

A kudancin Italiya kuwa, a 2013 aka gano Xylella fastidiosa a itatuwan zaitun na Puliya. An daɗe da sanin wannan jinsi a matsayin mai kashe inabi a Kalifoniya da lemu a Barazil. Nau'in da ya sauka a Puliya danginsa suna Kosta Rika, kuma ana kyautata zaton cikin dashen kofi na ado ya shigo. Ya kashe miliyoyin itatuwan zaitun, wasu sun shekara ɗaruruwa, amma bai taɓa inabin da ke gefensu ba. Wanda ya tsaya ga sunan jinsi kawai da inabi zai tsare, zaitun ya tafi.

Inda ake saɓani

Saɓani mafi zafi shi ne na sare itatuwan zaitun saboda Xylella. Tarayyar Turai ta umarci a cire itacen da ya kamu da waɗanda ke kewaye da shi. Masu gonaki da yawa a Puliya suka ƙi, wasu suna cewa ba bakteriyar ce ke kashe zaitun ba. A ƙarshen 2015 masu gabatar da ƙara a birnin Lecce na Puliya suka dakatar da saran, suka buɗe bincike a kan wasu daga cikin masanan da suka gano cutar, binciken da aka rufe daga baya ba tare da an gurfanar da su ba. Ina jin zafin mutumin da aka ce ya sare itacen da kakan kakansa ya dasa. Amma ƙwaron da ke yaɗa cutar bai tsaya jiran kotu ba, kuma a wannan tsakanin ta ci gaba da hawa arewa. Yanzu a yankunan da ta cinye ana dasa irin zaitun da ke iya zama da ita, kamar Leccino.

Na biyu shi ne hanyar samar da juriya. Masu kyautata iri da yawa sun fi son a tara ƙwayoyin juriya uku ko huɗu a iri ɗaya ta hanyar barbara, domin da wuya nau'i guda ya ƙetare su duka lokaci ɗaya. Hanyar tana cin shekaru. Wasu suna ganin gyaran gado da fasahar CRISPR, wadda ke sauya haruffan zaren DNA a wurin da aka zaɓa, ya fi sauri: a 2019 an nuna cewa idan aka sauya 'yan haruffa a wuraren da furotin ɗin Xanthomonas ke zama a ƙwayoyin SWEET uku, shinkafa tana jure nau'o'i masu yawa. Masu adawa suna tambayar wa zai mallaki irin, da yadda doka za ta sa ido, tambayoyin da suka cancanci amsa. A ganina kowace hanya aka bi matsalar farko tana nan: ba a iya zaɓar ƙwayar juriyar da ta dace sai an san nau'o'in da ke cikin gonakin da za a kai irin. Tattara samfuri daga gonaki a kai a kai da karanta zarensu aiki ne marar armashi, ba a yi masa bikin ƙaddamarwa, shi ya sa ya fi saurin rasa kuɗi a kasafi, alhali kuɗin karatun DNA ya faɗi ƙwarai cikin shekaru ashirin da suka wuce.

Abin da ya shafi manomi da mai saye

Kalmar "mai jure cuta" a jikin fakitin iri ba alkawari ba ne a kan kowane nau'i. Tambayar da ta dace a yi wa dillali ko malamin gona ita ce a ina aka gwada irin, kuma ko an gwada shi a ƙasar yankin. Sabon iri a fara da shi a ɗan ɓangaren gona, musamman inda cutar ta taɓa ɓulla, kafin a zuba jari duka. Idan irin da ya saba tsayawa ya fara kamuwa, wannan labari ne da ya kamata ya isa ga hukumar kare tsirrai da wuri, tare da samfurin tsiron da bai gama mutuwa ba, domin yana iya zama alamar baƙon nau'i.

Maganin feshi na naman gwari ba ya kashe bakteriyar da ke cikin jijiyar tsiro, kuɗin da aka kashe a kansa asara ce a kan asara. Abin da ke rage ɓarna shi ne dashe da iri masu tsabta, tuge tsiron da ya kamu da ƙasar gindinsa a fitar da shi daga gona, wanke wuƙa da fartanya, hana ruwan gonar da ta kamu gangarawa wata, da rage takin zamani mai naitirojin a shinkafa idan ya yi yawa. Juya shuka ma yana taimakawa a kan Ralstonia idan hatsi aka sa, ba barkono ko gauta ko dankali a bayan tumatir ba. Ko wannan shawarar ma ta dogara da nau'in da ke wurin. A tsibirin Matinik, daga 1999, an samu wani nau'i na tsatson Amurka da ke kama dangin kabewa da kokwamba, amfanin da a da ake ganin cutar ba ta cika damun su ba, don haka manomin da ya gudu daga tumatir zuwa gare su bai tsira ba.

Ga mai saye, waɗannan bakteriya ba sa cutar da mutumin da ya ci amfanin. Ta aljihu suke taɓa shi, idan girbi ya ragu ko aka hana wata ƙasa fitar da kayanta. Matafiyi kuma yana da hannu a ciki fiye da yadda yake zato: 'yan ƙwayoyin shinkafa a jaka, dankali biyu da aka ɗauko don a gwada, ko reshen fure da aka naɗe a tsumma, kowannensu yana iya zama lafiya lau a ido yana ɗauke da nau'in da babu irin da aka tanada domin shi a ƙasar da za a sauka.